Tsiron da ke ƙidayar dare: saurin fure a wiwi, da abin da ya haɗa shi da dawarmu

Wata shekara, ina yaro, ruwan shuka ya sauka da wuri, mahaifina ya shuka rabin gonarsa da dawa, sai ruwan ya ɗauke har kusan mako uku, bai samu ƙarasa sauran rabin ba sai da damina ta zauna sosai. Ni da yayyena muka ɗauka girbi biyu za a yi ke nan, na farko ya riga na biyu da mako uku kamar yadda shukar ta riga. Da kaka ta gabato sai muka ga gonar duka ta yi ciki ta fid da kai kusan a mako guda, iyakar bambancin shi ne karan shukar farko ya fi tsawo da kauri. Na tambayi Baba dalili, ya ce mini dawa ba ta duba ranar da aka binne ta, lokacinta take jira. Amsar ba ta gamsar da ni ba a wancan lokaci, domin na kasa gane yadda tsiron da ba shi da ido zai san watan da ake ciki, amma na riƙe ta shekara da shekaru har na soma karatun ilimin tsirrai da kaina.

Abin da ban zata ba shi ne bin diddigin wannan tambaya zai kai ni ga tabar wiwi. Ina cikin karanta yadda masana suka gano ƙwayar gadon da ke tsayar da lokacin furen dawa, sai na tarar ana ambaton 'yar uwarta a binciken da ake yi kan wiwi a jami'o'in Amurka da Kanada da Turai, inda ake ta ƙoƙarin samar da irin da zai yi fure da sauri. Ya kamata in faɗa tun yanzu cewa dokar Najeriya ta haramta noman wannan tsiro kowane iri, tun daga dokar soja ta 1966 har zuwa wadda ta kafa hukumar NDLEA a 1989, kuma duk wanda ya zauna a unguwanninmu ya ga abin da shan wiwi ya yi wa samari da yawa. Ba ni da sha'awar koya wa kowa nomansa. Sha'awata tana ga tarihin ilimin, saboda wannan tsiro da muke jin kunyar ambatonsa a gaban manya yana cikin tsirran farko da suka nuna wa ɗan Adam yadda shuka ke gane lokaci.

A shekarar 1912 wani matashin ɗalibi Bafaranshe mai suna Julien Tournois ya lura cewa wiwin da ya shuka cikin ɗakin gilashi a lokacin sanyi yana yin fure tun yana ɗan ƙarami, alhali wanda aka shuka lokacin da yini ya yi tsawo sai ya girma sosai kafin ya fure. Ya gwada rufe wasu tsirran na wiwi, da na wani ɗan uwansa mai yaɗo da ya fito daga Japan, yana barin su ga haske na 'yan sa'o'i kawai a yini, sai suka yi fure da wuri. Bai samu zurfafa aikin ba, domin Yaƙin Duniya na Farko ya ɓarke a 1914 kuma a fagen daga ya rasu. Waɗanda duniya ta fi sani su ne Garner da Allard, ma'aikatan hukumar noma ta Amurka, waɗanda suka buga sakamakon bincikensu a 1920. Su taba ce ta ɗaure musu kai, wani iri da ake kira Maryland Mammoth, wanda yake ta tsawo yana ƙara ganye har sanyi ya kashe shi bai yi fure ba. Sun kuma shuka waken suya a ranaku daban-daban tun daga farkon lokacin shuka har tsakiyarsa, suka ga duk ya yi fure kusan lokaci ɗaya cikin watan Satumba. Da na karanta wannan sai gonar Baba ta faɗo mini a rai, domin abin da suka gani ke nan a kusa da birnin Washinton, da waken suya a madadin kaura.

Daga baya aka gano cewa dare tsiron yake aunawa. A 1938 wasu masana biyu a Amurka, Hamner da Bonner, suka nuna cewa idan aka katse dogon dare da haske na ɗan lokaci kaɗan, ko da minti ɗaya ne, wani ciyayi da suke gwaji da shi sai ya ƙi yin fure, kamar dai an goge masa lissafin da ya yi tun magariba. Ganye ne ke wannan ƙidaya ta hanyar wani sinadari mai jin jan haske, sannan ya aika saƙo ta cikin jijiyoyin tsiron zuwa kan toho, ya ce masa ya daina fid da ganye ya soma fure. Wani masani a Tarayyar Sobiyat, Mikhail Chailakhyan, shi ya raɗa wa wannan saƙo suna florijin a 1936, ba tare da ya taɓa ganinsa ba, kuma sai a 2007 aka tabbatar da cewa wani ƙaramin furotin ne da ake kira FT. Shekara 70 ke nan ana neman abin da aka riga aka sa wa suna. Masu noman furannin ado a Holan sun daɗe suna cin gajiyar wannan sani, suna rufe ɗakunan gilashi da baƙin ƙyalle ko su kunna fitila da tsakar dare, don furen ya buɗe a ranar da kasuwa ke nemansa.

Wiwi na cikin tsirran da ba sa fure sai dare ya kai wani tsawo, kuma nan ne matsalar manoman arewacin duniya take. A Kano, yini mafi tsawo a shekara bai cika sa'a 13 ba, mafi gajarta kuma ya haura sa'a 11, saboda haka mu ba mu cika lura da bambancin ba sai dai mu ga lokacin sallar asuba da magariba yana ɗan motsawa. A tsakiyar ƙasar Finlan kuwa, yinin watan Yuni yakan kai kusan sa'a 20, kuma kafin dare ya yi tsawon da tsiron ke jira, sanyi mai daskarar da ruwa ya riga ya ƙwanƙwasa ƙofa. Tsiro zai yi ta girma lafiya lau duk tsawon lokacin ɗumi, sai ya soma fure a makare, ƙanƙara ta same shi ƙwayarsa ba ta nuna ba. Duk neman saurin fure daga wannan matsi ya samo asali.

Sai dai ba kowane manomin wannan tsiro ke son sauri ba, kuma wannan shi ne abin da aka fi mantawa da shi. A Turai an yi ɗaruruwan shekaru ana noma shi saboda zaren da ke ɓawon karansa, wanda ake tufka igiyoyin jiragen ruwa da saƙa tufafi masu kauri da shi, kamar yadda muke yi da rama. Ita ramar ma, sunanta a wurin masana Hibiscus cannabinus, saboda ganyenta ya yi kama da na wiwi, ko da yake ba danginsu ɗaya ba. Mai neman zare yana son tsiron ya jinkirta fure iyakar iyawa, domin da zarar fure ya fito, tsawo ya kusa tsayawa. Shi ya sa irin da aka inganta a Hangari mai suna Kompolti, da na Faransa mai suna Futura 75, duk masu jinkiri ne. Mai neman ƙwaya don tatsar mai da yin abinci shi ne ke son a yi fure da wuri, tunda ƙwayar tana ɗauke da mai kusan kashi 30 cikin 100 da furotin kusan kashi 25, kuma dole ta nuna kafin sanyi. Sai kuma kashi na uku, masu neman furen mace saboda sinadarin THC mai sa maye, ko sinadarin CBD da ake sarrafa magani da shi. Masu neman mayen a shekarun 1970 suka lura cewa irin da ake kawowa daga Meziko da Kolombiya da Tailan ba ya nuna da wuri a Kalifoniya, sai suka soma haɗa shi da irin Afganistan, wanda gajere ne kuma yana rigan na ƙasashe masu zafi kammalawa. Wannan ya rage musu makonni, amma tsiron bai daina jiran dare ba.

Wanda ya daina jiran dare gaba ɗaya a bakin hanya aka tsince shi. A 1924 wani masanin tsirrai a birnin Saratov da ke gaɓar kogin Bolga a Rasha, Dmitri Janischewsky, ya bayyana wani ƙaramin wiwi na daji da ke fitowa da kansa a gefen gonaki da kufai da juji, ya kira shi Cannabis ruderalis, kalmar da asalinta a Latin ke nufin tarkacen rusasshen gini. Gajere ne, rassansa kaɗan, ƙwayarsa ƙanana masu zubewa da kansu, sinadarin mayensa kuma bai taka kara ya karya ba. Har yau masana na gardama ko jinsi ne mai zaman kansa ko kuwa wiwin gona ne da ya tsere ya koma daji, kuma ni dai na fi karkata ga masu cewa duk jinsi ɗaya ne mai fuskoki da yawa, tunda suna aure da juna su haihu ba tare da wata wahala ba. Abin da ya sa aka damu da shi shi ne wasu daga cikin irin waɗannan tsirrai na can arewa suna yin fure ne idan sun kai wani shekaru, 'yan makonni bayan tsirowa, ko yini ya yi tsawo ko ya gajarta. A ƙasar da lokacin ɗumi bai wuce wata uku ko huɗu ba, tsiron da ya tsaya jiran dogon dare ba zai bar baya ba, don haka waɗanda agogonsu ya lalace su ne suka yi saura.

A wannan birni na Saratov ne masanin tsirrai Nikolai Vavilov ya koyar a farkon aikinsa, shi da ya zagaya nahiyoyi yana tattara iri, har da Habasha, ya kafa rumbun iri mafi girma a zamaninsa a Leningirad. A kurkukun wannan birni na Saratov ɗin kuma ya mutu da yunwa a 1943, bayan gwamnatin Stalin ta kama shi. Lokacin da sojojin Jamus suka yi wa Leningirad ƙawanya daga 1941 zuwa 1944, wasu daga cikin ma'aikatan rumbun sun mutu da yunwa suna zaune cikin buhunan shinkafa da gyaɗa da wake, suka ƙi taɓa su saboda iri ne. Na kawo wannan ne domin daga wannan rumbu aka ɗauko ƙwayoyin da suka haifi irin da, a ganina, ya fi kowane nuna amfanin saurin fure.

A tsakiyar shekarun 1990 wani masani Ba'amurke da ke aiki a jami'ar Kuopio ta Finlan, Jace Callaway, tare da abokin aikinsa, suka karɓi wasu ƙwayoyin wiwi na arewacin Rasha daga cibiyar Vavilov, suka shuka su, suka yi ta zaɓen waɗanda suka nuna da wuri kuma suka ba da ƙwaya mai yawa. Irin da ya fito aka fara kiransa FIN-314, daga baya aka sa masa suna Finola. Gajere ne idan aka kwatanta shi da irin zare da ke haura mita 3, saboda haka injin girbin alkama na iya shiga gonarsa ba tare da dogon kara ya nannaɗe masa haƙora ba, kuma yakan nuna cikin wata uku da rabi zuwa huɗu a inda sauran iri ba sa ko kusantar nuna. Kanada ta halatta noman wiwin masana'antu, wato wanda ake nomawa don zare da ƙwaya ba don maye ba, a 1998, Finola kuma na cikin irin da manoman filayenta na yamma suka karɓa, sannan Tarayyar Turai ta sa shi cikin jerin irin da ta amince da su a 2003. Man da ake tatsa daga ƙwayarsa ana zuba shi a abinci, kuma ba ya sa maye.

A ɓangaren masu neman maye, labarin ya fi duhu saboda a ɓoye aka yi yawancinsa, kuma abin da ake faɗa game da asalin iri sau da yawa tallar 'yan kasuwa ce. Abin da ya tabbata shi ne a farkon shekarun 2000 wani iri mai suna Lowryder ya shiga kasuwar iri ta Turai, ɗan ƙaramin tsiro mai fure da kansa, wanda masu harkar suka yi ta yi wa dariya saboda ƙarancin amfaninsa, amma daga gare shi aka gina yawancin irin da suka biyo baya.

Yadda wannan hali ke bin jini shi ne wurin da abin ya fi burge ni, saboda ya bi ƙa'idar da Gregor Mendel ya fitar da waken lambunsa a 1865 kamar an zana. Kowane tsiro yana gadon kwafi biyu na kowace ƙwayar gado, ɗaya daga uwa ɗaya daga uba. Halin fure da kai ɓoyayyen hali ne, ba ya bayyana sosai sai tsiro ya gaje shi ta ɓangarorin biyu. Idan aka aurar da mai fure da kansa ga mai jiran dare, 'ya'yan farko duk masu jiran dare ne, ko da yake an lura sukan ɗan riga iyayensu masu jira. Sai an aurar da 'ya'yan nan da junansu, sannan a cikin jikoki ɗaya bisa huɗu zai fito da halin kakansa. Duk wanda ya san gidan da sikila ta ɓulla alhali uwa da uba lafiyarsu ƙalau ya san wannan lissafi na ɗaya cikin huɗu, domin shi ne dai. Wahalar mai inganta iri ita ce jikan da ya gaji saurin fure yakan gaji sauran halayen kakan nasa na bakin juji, wato gajarta da ƙarancin amfani, saboda ƙwayoyin gadon da ke maƙwabtaka da juna sukan yi tafiya tare. Raba su yana cin zuriya da yawa da gonakin gwaji masu faɗi.

Wani abin da ya ƙara wa aikin nauyi shi ne wiwi yana da namiji daban da mace daban, kamar dabino da giginya. Alkama da wake suna iya yi wa kansu barbara, don haka mai bincike zai ɗauki tsiro ɗaya mai kyau ya bi zuriyarsa har halinsa ya daidaita. A wiwi kuwa kowane ɗa yana da iyaye biyu mabambanta, kuma namijin ba ya nuna irin ƙwaya ko furen da 'ya'yansa mata za su yi, sai dai a gwada a gani. Iska ce ke ɗaukar garin furen namiji, kuma tana kai shi nesa ƙwarai, har masu auna ƙurar iska a kudancin Sifen sun sha samun garin furen wiwi da ya ƙetaro teku daga arewacin Maroko. Gonar gwaji da ba a keɓe ta da kyau ba, aikin shekara biyar na iya gaurayewa a yini guda. Wannan ne ya sa masu binciken Jamus da Faransa da Yukren suka ɓata shekaru suna samar da iri mai ɗauke da furen namiji da na mace a jiki ɗaya, kamar masara, irin su Fedora 17 da USO-31, waɗanda dukkansu suna cikin masu nuna da wuri.

Haramcin da ke kan tsiron ya sa yawancin jami'o'in Amurka suka daɗe ba su taɓa shi ba, sai bayan dokar noma ta Amurka ta 2018 ta ware wiwin da sinadarin THC ɗinsa bai wuce kashi 0.3 cikin 100 ba daga jerin miyagun ƙwayoyi, sannan bincike ya buɗe sosai. A 2022 masu bincike a jami'ar Cornell da ke jihar Niyok suka nuna wurin da halin fure da kai yake a cikin tsarin gadon tsiron, suka kira wurin Autoflower1. Binciken da ya biyo baya ya nuna yatsa ga wata ƙwayar gado da ake kira PRR37, wadda aikinta shi ne danne saƙon fure muddin yini yana da tsawo. A tsirrai masu fure da kansu wannan ƙwaya ta samu naƙasa, birkin ya tsinke, saƙon fure yana tafiya ba mai tare shi. Masu bincike a Dablin ta ƙasar Ayilan kuma suka duba Finola, suka tarar nasa sirrin daban ne, domin a wurinsa ƙwayar da ke yin saƙon furen ce kanta ta ninku. Hanya biyu ke nan zuwa wuri ɗaya, a ɗaya an cire birki, a ɗayar an ƙara wuta.

A nan ne na koma gonar Baba. Ƙwayar gadon da ta fi ƙarfi wajen tsayar da lokacin furen dawa, wadda masana suka daɗe suna kira Ma1, an tabbatar a jami'ar Texas A&M a 2011 cewa ita ma PRR37 ce. Danginta ne kuma ke wannan aiki a alkama da sha'ir, har da alkamar da masanin noma Norman Borlaug ya inganta a Meziko, wadda rashin damuwarta da tsawon yini ya sa ta karɓu a Indiya da Pakistan. Dawarmu da aka kai Amurka ta yi abin da tabar Maryland ta yi, ta yi ta tsawo ta ƙi fid da kai, saboda yinin can ya fi ƙarfin lissafinta. A 1963 Amurkawa suka soma wani dogon shiri na juya dawar ƙasashe masu zafi, har da ta Najeriya, zuwa gajera marar jiran dare, suna haɗa auren a tsibirin Fotoriko inda yini ke da gajarta lokacin sanyi, suna zaɓen 'ya'yan a Texas. Abin da masu wiwi suka yi da ɗan tsiron bakin juji, an riga an yi shi da dawa da shekaru masu yawa, a fili kuma da kuɗin gwamnati.

Abin da na fi so mai karatu ya lura da shi shi ne farashin da ake biya. Tsiron da ke jiran dare yana da wata dama da mai fure da kansa ya rasa, wato damar farfaɗowa. Idan fari ya same shi yana ƙarami, ko ƙwari suka cinye masa ganye, ko aka dasa shi saiwarsa ta ji rauni, yana da sauran makonni da zai murmure kafin lokacin furensa ya zo. Mai fure da kansa ba shi da wannan rangwame, domin kwanakinsa a ƙidaye suke tun ranar da ya tsiro, kuma makon da ya ɓata yana jinya ba zai dawo ba, zai yi fure a ranarsa ko da tsawonsa bai wuce taki ɗaya ba. Masu gwajin wiwin masana'antu a Amurka sun sha ganin haka. Ga mai bincike ma akwai wata asarar, saboda tsiro mai jiran dare ana iya riƙe shi shekaru ƙarƙashin fitila ana yankar reshensa ana dasawa kamar rogo, amma mai fure da kansa ba ya tsayawa a riƙe shi, reshen da aka yanka ma shekarun uwarsa yake ɗauke da su.

Manomin Hausa bai buƙaci a fassara masa wannan ciniki ba. Gero yana nuna da wuri ya fid da gida daga yunwar tsakiyar damina, maiwa kuma tana jira sai ƙarshen ruwa. Kanannado yana yaɗo yana tara ganye har dare ya soma tsawo sannan ya yi fure, ya ba da wake ya ba da harawa, alhali waken kwana 60 da B. B. Singh ya inganta a cibiyar binciken noma ta IITA yana ba da ƙwaya da sauri amma harawarsa kaɗan ce, abin da ya sa daga baya masu binciken suka koma neman iri mai ba da duka biyun. A shekarun 1960 wani mai bincike a Samaru, D. L. Curtis, ya nuna cewa dawar kowane yanki a Najeriya tana fid da kai ne daidai lokacin da ruwan wannan yankin ya saba ɗaukewa, ta yadda ƙwaya za ta nuna cikin busasshiyar iska. Dawar da aka gaggauta takan fid da kai cikin marka, ruwa ya sa mata fumfuna, tsuntsaye kuma su taru a kanta tunda ita kaɗai ce ta nuna a karkarar. Jiran da muke gani kamar nawa, ajiyar ilimin wuri ne da kakanni suka tara ta hanyar zaɓen zangarniyar da za a ajiye don iri.

Finola ma saurinsa ya taɓa jawo masa matsala ta inda ba a zata ba. Ƙa'idar Tarayyar Turai ta tsayar da lokacin da jami'ai za su ɗebi samfurin tsiro don auna THC, ana lissafa shi daga lokacin fure. Jami'an da suka saba da iri masu jinkiri sun riƙa zuwa gonakin Finola a makare, bayan tsiron ya wuce matakin da ya kamata a auna shi, lokacin da sinadarin ya ƙara taruwa a samansa, sai sakamakon ya ɗan haura iyakar kashi 0.2 cikin 100 da ake bi a lokacin. Aka cire shi daga jerin irin da ake ba wa tallafi, Callaway ya yi ta rubuce-rubuce yana nuna cewa kuskuren a lokacin ɗibar samfurin yake, kuma sai bayan wasu shekaru aka mayar da shi.

A ƙasashen da ke kusa da tsakiyar duniya kuwa matsalar a juye take. Yawancin irin masana'antu na Turai suna soma fure ne da zarar yini ya sauko ƙasa da sa'a 14 zuwa 15, kuma a yankin da yini bai taɓa kaiwa haka ba, tsiron yana ɗauka kullum ƙarshen shekara ne, sai ya yi fure da zarar ya fita ƙuruciya, ya tsaya ɗan guntu marar zare marar ƙwaya. Haka ya faru a gonakin gwaji na jami'ar Filorida da ke kudancin Amurka bayan an halatta gwajin, inda irin Turai da Kanada suka yi fure tun suna ƙanana, irin da aka kawo daga Sin kuma suka fi jurewa suka yi tsawo. Ƙasashen Afirka da suka buɗe ƙofar noman wiwin masana'antu ko na magani a 'yan shekarun nan, irin su Lesoto da Malawi da Zimbabuwe, idan zare ko ƙwaya suke nema, irin da zai jinkirta fure suke bukata, kuma irin wannan ba a rumbun Finlan ko Kanada yake ba, yana hannun manoman kudancin Sin da kudu maso gabashin Asiya da suka daɗe suna noma shi don saƙa.